Masu Ƙidayar Tsuntsaye Da Kututturan Gonakinmu

Ina so in yi magana a kan wani aiki wanda jama'a su ke ɗauka wasan yara ne, watau ƙidayar tsuntsaye.

A Laminga kusa da Jos, gefen dajin Amurum, akwai makarantar binciken tsuntsaye ta Jami'ar Jos, ana ce da ita APLORI. Ɗalibanta su kan fita da asuba su kafa raga mai laushi. In tsuntsu ya faɗa, sai su auna nauyinsa da tsawon fiffikensa, su sa masa zobe mai lamba a ƙafa, kana su sake shi. Aikin kuwa da lokacinsa, kamar fatauci, gama baƙin tsuntsaye na ƙasar Turai da kaka su ke isowa, su ci rani a nan, su koma da bazara. A 2015 kuma aka soma rubuta tsuntsayen Nijeriya duka. An yanka ƙasa gida gida, kowane gefe wajen mil biyar da rabi, mai ƙidaya ya yi aƙalla sa'a biyu a ciki, ya rubuta wanda ya gani da wanda ya ji kukansa.

Mai ba'a ya ce, me wannan zai ƙara wa buhun masara? Ni kuwa na ce, falken da ba ya lissafin kayansa ba ya sanin ran da uwar kuɗi ta soma zurarewa. Ku tambayi mahauta, ungulu nawa ke sauka mayanka yau? A 2015 masanan duniya suka sa ta cikin tsuntsayen da su ke bakin ƙarewa, cikin dalilan kuwa har da cinikin kanta a kasuwa domin magani. 'Yan kasuwa, wannan laifin a rumfunanmu ya ke.

Tsuntsu itace ya ke bi. Shamuwa mai bisharar damina bisa manyan itatuwan gari ta ke sheƙa, cilakowa kuwa a kogon itace ta ke ƙwai. Mu kuma mun sare ɗorawa da kaɗanya, mun tone kututture domin garma ta wuce. Ku malamai, kada ku ce ba ruwanku: allon almajiri da aduwa a ke sassaƙa shi, tawada kuma sai da ƙaro.

Maganin yana nan kusa, a Maraɗi. A 1983 wani Bature mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura kututturan gona ba matattu ba ne, saiwarsu na da rai a ƙasa. Manoma suka kama abin da su ke kira sassabin zamani: lokacin sharar gona a zaɓi tofo mafi ƙarfi a bari, a sare sauran. An ƙiyasta itace wajen miliyan 200 ya tashi ta haka a Nijar. Gawo ma ba ya cutar shuka, don da damina ya ke zubar da ganye. Ban ƙi dashen bedi ba, amma dashe yana son ruwa da shinge, akuya kuwa ba ta jira.

A 2020 Gwamnati ta amince dajin Kogo ya zama gandun ƙasa. Madalla. Sai dai kowa ya san abin da 'yan bindiga suka mai da dazuzzukan yamma da mu, mai bincike ba ya shigarsu da kwanciyar rai. Saura gonaki da fadamu. Saboda haka roƙona biyu ne. Bana da shara, kowa ya bar kututture goma a gonarsa. In kuma kun ga saurayi da madubin hangen nesa da littafi, kada ku yi gaggawar zato. Ku kai shi ga mai unguwa ya nuna takardarsa, sa'an nan a haɗa shi da tsohon maharbi wanda ya san sunayen tsuntsaye da Hausa.