Alhaji, ka gina makaranta, me ake karantarwa a ciki?

A watan Janairu na 2015, an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, mutane goma suka rasa rayukansu. Ba mu ɗora laifin a kan ɗaliban madarsa ba. Amma matashin da aka koya wa cewa duk mai saɓa masa maƙiyi ne, shi ake fara miƙa wa ashana.

Tun buɗe madarsar farko a Say a 1957, makarantun faranko-arab sun yawaita, alhazai na zuba dukiyarsu a ciki. Madalla. To, wane ne cikinsu ya taɓa zama a aji ya saurari darasi?

Shafi'i almajirin Malik ne, ya saɓa wa malaminsa a mas'aloli da dama, bai kafirta shi ba. Wannan ladabin saɓani ya kamata a karantar a kowace sakandaren Islamiyya, a sa shi cikin jarrabawa. Gwamnati ta tura masu duba makarantu da suka iya Larabci.

Alhaji, kai ma ka leƙa. Ranar tarzoma, wuta ba ta tambayar kantin wa ne.