Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Mu Da Wutar Nukiliya

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, kowa ya san halin da muke ciki game da wutar lantarki. Daga Dutsin-Ma har Kurfi, mai markaɗe da mai walda da ɗalibi mai shirin jarrabawa duk kukansu ɗaya. Shi ya sa wasu ke cewa Nijeriya ta gina tashar nukiliya kowa ya huta. Ni ma ina goyon baya, amma da sharaɗi.

Yadda abin yake shi ne, ana fasa ƙwayar zarra ta ma'adinin yuraniyom, zafin da ya fito ya tafasa ruwa, tururin kuma ya juya injin da ke ba da wuta. Ba hayaƙi, amma tokarsa guba ce mai daɗewa.

Ƙasashen duniya sun rabu biyu a kan wannan al'amari. Faransa na samun wajen kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya, Sin kuwa ta fi kowa gina sababbin tashoshi. Amma haɗarin Canobil na 1986 da na Fukushima na 2011 sun tsorata mutane, har Jamus ta rufe tashoshinta na ƙarshe a 2023. A Afirka, tashar Koeberg ta Afirka ta Kudu ce kaɗai ke aiki, tun 1984, sai Masar da ta fara gina tata a 2022.

To, mu duba maƙwabtanmu. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit ta Nijar, aka yi shekaru ana kai wa Faransa, alhali Nijar ɗin na sayen wuta daga wurinmu. Ashe mallakar ma'adini ba ita ce wuta ba, ilmin sarrafa shi ne.

Mu ma nan gida muna da darasi. An gama madatsar ruwa ta Zobe a 1983, amma sai a 2021 aka ƙaddamar da babban aikin ruwan shanta. Ruwa ya yi haƙuri ya jira mu, nukiliya kuwa ba ta yafe sakaci ko na dare ɗaya.

Duk da haka ba mu makara ba. An kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya a 1976, kuma tun 2004 akwai ƙaramin injin nukiliya na bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Saboda haka a ganina a fara da gyaran layukan wuta da horar da ma'aikata, sannan a yi maganar tasha. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ɗalibai mu daina gudun lissafi da kimiyya. Iyaye kuma ku bar 'ya'yanku, maza da mata, su yi zurfi a karatu. In ba haka ba, ranar da aka gina tashar, baƙi za su riƙe makullinta, mu kuwa mu tsaya gadi a bakin ƙofa.

Allah ya sa mu dace, amin.