Jan Baki A Fadamun Jandutsi

Duk manomin da shinkafarsa ta fara fitar da kai a fadamun Jandutsi, Jega ko Maiyama, barcinsa ragagge ne. Tun asuba yara ke fita da gwangwanaye da majaujawa, suna ihu har faɗuwar rana, saboda tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram 20 ba sosai, wato jan baki.

Ƙanƙantarsa kada ta ruɗi kowa. Masana sun ƙiyasta yawansa ya kai biliyan 1.5, babu tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya. Kowane ɗaya yana cin kimanin giram 10 na hatsi a wuni, don haka garke mai miliyan 2 zai lashe tan 20 kafin magariba. Daga nesa sai a ɗauka hayaƙi ne ya turnuƙe.

Amma asalin abincinsa 'ya'yan ciyawar daji ne. Idan suka ƙare a ƙarshen rani, ko suka tsiro da ruwan farko, sai ya juyo kan gona. A daidai lokacin ne kuma shinkafar rani ke nuna a gefen gulbin Zamfara. Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen noma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a 2015, noman shinkafa ya faɗaɗa, jan baki ya samu abinci a watannin da a da yunwa ke rage shi. Mai albasa a Aliero bai san wannan tashin hankali ba.

Gwamnati kan turo jirgin feshi, amma sau da yawa sai bayan ɓarna ta auku. Maganin fenthion da ake fesawa kuma ba ya zaɓe, yana kashe wasu tsuntsaye har da shahon da ya ci mushen, ga makwancin jan baki kan kasance kusa da ruwan da dabbobi ke sha.

Abin da ya fi dacewa shi ne a gano da wuri inda garken ke kwana da inda yake saƙa sheƙa, domin ƙwansa na ƙyanƙyashewa cikin kwana 10 kacal. Masunta da makiyaya sun san waɗannan wurare, ya kamata malaman gona su riƙa tuntuɓarsu. Manoman fadama ɗaya su yi shuka lokaci guda, kada gonar mutum ɗaya ta nuna ita kaɗai. A Chadi kuwa, da raga ake kama shi cikin dare, a soya, a kai kasuwannin N'Djamena.