Ra'ayinmu: Gadon da Aka Ba Ka

Da sunan Ƙungiyar Ɗalibai, wannan mujalla tana yi wa ƙannenmu 'yan aji ɗaya barka da zuwa. Mun gan ku a makon nan kuna ta kai da kawowa tsakanin banki da ofishin rajista da Sashen Kula da Harkokin Ɗalibai, fayil a hammata, akwati a ka, kowa da tambaya ɗaya a bakinsa: ina zan kwana? Tambaya ce mai nauyi, domin ɗalibin da bai san makwancinsa ba, ba ya jin lacca, ko da kuwa shaihun malami ne ya tsaya a gabansa. Saboda haka muka ga ya wajaba mu keɓe wannan shafi mu faɗa muku abin da za ku tarar, tun kafin ku ji shi daga bakin masu neman riba da rashin saninku.

Abu na farko da ya kamata ku sani shi ne, a jami'a ba ɗaki ake ba mutum ba, gado ake ba shi. Takardar da za ta fito da sunanka za ta nuna gida, da lambar ɗaki, wani lokaci har da kusurwar da gadon yake. A yawancin jami'o'inmu ta intanet ake neman gurbin, a buɗe shafin na ɗan lokaci, wanda ya riga ya samu, a ba shi kwanaki ƙalilan ya biya, in ya yi jinkiri a miƙa wa na bayansa. Bisa al'ada akan fifita sababbin shiga da 'yan ajin ƙarshe da masu buƙata ta musamman. Ma'anar wannan ita ce, gadon da ya zo muku bana ba lalle ne ya zo muku baɗi ba, kuma da yawa daga cikin yayyenku 'yan aji biyu da uku haya suke kamawa a cikin gari.

To, me ya kawo wannan ƙarancin? A shekarar 1962, lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, jami'o'in Nijeriya duka guda biyar ne: Ibadan, Nsukka, Ife, Legas da Zariya. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta ƙaro wasu bakwai, ciki har da na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos. An gina su ne bisa tsarin cewa ɗalibi zai kwana a harabar makaranta, ya ci a nan, ya yi karatu a nan. Manyanmu na ba mu labarin zamanin da mutum biyu ke ɗaki ɗaya, ana dafa musu abinci sau uku a rana. A 1978, da aka ƙara kuɗin abinci, ɗaliban ƙasar nan sun fito zanga-zanga suna neman a sauke Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 gwamnati ta janye hannunta daga ciyar da ɗalibai. Tun daga nan masu neman ilmi suka yi ta ƙaruwa, har ta kai a 2024 kusan mutum miliyan biyu suka zauna jarrabawar JAMB, amma ginin gidajen kwana bai bi sawun wannan ƙaruwa ba. Ɗakin da aka zana domin mutum biyu, yau shi ne ake zuba wa gadaje masu hawa biyu a ba mutum huɗu ko shida.

Don haka kada wanda ya buɗe ƙofa ya yi tsammanin ɗakin mahaifiyarsa. Za ku tarar da gadon ƙarfe, da loka wadda wataƙila ƙofarta ta karye, da bangon da waɗanda suka gabace ku suka bar wa sunayensu. Katifar da kuka samu, ku fitar da ita rana ku duba ɗinkinta, domin kuɗin cizo ba ya tambayar kwas ɗin da mutum yake karantawa. Ku tanadi bokiti da jarka da kwaɗo mai ƙarfi da gidan sauro da tocila. Ruwa yakan zo da asuba ya ɗauke da hantsi, wuta kuwa takan tafi a daren da aka fi bukatarta. Kafin ku sa hannu a takardar karɓar ɗaki, ku nuna wa ma'aikacin gidan duk abin da kuka iske a lalace ya rubuta, don kada a ƙarshen shekara a ɗora muku ɓarnar da ba ku yi ba. Rasit ɗin biyan kuɗi kuma a adana shi kamar takardar haihuwa.

Duk waɗannan ƙananan wahalhalu ne, mako biyu sun isa a saba da su. Abin da ya fi damunmu shi ne jarrabawa biyu da kowane sabon ɗalibi zai fuskanta kafin ya shiga aji, kuma babu malamin da zai sa masa ido a kansu.

Ta farko ita ce cinikin gado. Ba za ku kwana uku ba sai wani ya ja ku gefe da murmushi, ya ce zai sayi gurbinku da ninkin abin da kuka biya, ko kuma, ga wanda bai samu ba, ya ce yana da hanya. Ku sani cewa sayar da gurbin kwana laifi ne a dokokin jami'a, kuma idan asiri ya tonu, mai saye da mai sayarwa duk sukan rasa gadon, wani lokaci har su gurfana gaban kwamitin ladabtarwa. Wanda ya saya yana kwana ne da sunan wani, ba shi da bakin kai ƙara in an cuce shi, kuma sau da yawa gado ɗaya akan sayar wa mutum biyu. Ban da wannan ma, duk gadon da ya shiga kasuwa an ƙwace shi ne daga hannun ɗan talaka da ya taso daga nesa, wanda ubansa ya sayar da hatsi ko akuya ya haɗa masa kuɗin makaranta. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Bahaushe, amma a nan wahalar har wanda bai ji ba bai gani ba take shafa.

Mun san akwai 'yan raɓe, watau waɗanda ba su samu gurbi ba suke shimfiɗa katifa a ƙasa a ɗakin aboki. Ba za mu yi munafunci mu ce ba mu san da su ba, kuma ba mu ga laifin zuciyar da ta ƙi barin ɗan'uwa ya kwana a aji ba. Amma fa taimako yana da iyaka. Ɗakin mutum huɗu da ya koma na goma, ga risho ga hita a kan waya ɗaya, gobara yake gayyata, kuma idan zafi ya shigo daga Fabrairu zuwa Mayu, cunkoso da rufaffiyar taga su ne abokan sanƙarau. Wanda zai saukar da baƙo ya nemi yardar 'yan ɗakinsa tukuna, ya kuma san cewa doka ba ta tare da shi.

Jarrabawa ta biyu ta fi ta farko laushi, shi ya sa ta fi kayar da mutane. Za ka duba takarda ka ga an haɗa ka da wanda ba ka taɓa jin sunan garinsu ba, harshenku daban, wataƙila addininku daban. Ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ta ba cancanta kashi 45 cikin ɗari, yankin da jami'a take 35, jihohin da aka bari a baya a ilmi 20, saboda haka ɗakin kwana yakan zama ƙaramar Nijeriya. Nan take 'yan garinku za su zo su ce, mu yi musaya mana, ka dawo cikinmu. Shawararmu ita ce ka yi musu godiya, ka zauna inda aka ajiye ka. A 1973, shekara uku bayan yaƙin basasa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima domin matasan ƙasar nan su san juna. Abin da wancan shiri ke nema bayan an gama digiri, ɗakin kwana yana bayar da shi tun daren farko, ba tare da an biya kuɗin mota ba.

Mai wannan rubutu ya shiga aji ɗaya da niyyar yin musaya. An haɗa shi da wani ɗan Kudu mai karatun injiniya, mai son waƙa da asuba, wanda warin girkinsa ya hana shi sakat a makon farko. Musayar ba ta yiwu ba. A wata na biyu zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi cikin dare, 'yan garin nasu suna can wani gida suna barci, wannan baƙon ne ya goya shi zuwa asibitin makaranta, ya kwana a kan benci. Da watan azumi ya kama, shi ne ke tashinsa sahur, alhali shi ba ya azumi. Gani ya kori ji.

Ba mu ce ba za a saɓa ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa, harshe da haƙori ma sukan yi. Maganin abin shi ne a zauna tun makon farko a yi magana a fili: yaushe ake kashe fitila, wa ke shara ranar wace, har ƙarfe nawa baƙi za su kai, me ake ara me ba a taɓawa. Mai salla a ba shi wuri, mai addu'a a ba shi shiru. In rigima ta fi ƙarfin ɗaki, a kai ta ga wakilin ɗalibai na gidan, in ta fi ƙarfinsa a kai ga hukuma. Duk wanda aka tsoratar da shi, ko aka nemi jan shi cikin ƙungiyar asiri, ko ƙanwarmu da wani ya ce zai samar mata gado da wani sharaɗi, kada su yi shiru ko na kwana ɗaya. Ƙofar Ƙungiyar Ɗalibai a buɗe take.

Ga hukumar makaranta kuma muna da roƙo uku. A riƙa bayyana adadin gadajen da ke akwai da yadda aka raba su, a manna sunaye kowa ya gani, domin a cikin duhu ne 'yan kasuwar gado ke kiwo. A gyara famfo da banɗaki da wayoyin wuta lokacin hutu, kafin ɗalibai su dawo. Sannan a sa ginin sababbin gidajen kwana a sahun gaba duk lokacin da za a nemi tallafin Asusun TETFund ko na tsofaffin ɗalibai, musamman na mata, waɗanda zaman haya a cikin gari ya fi yi wa hatsari. Mu kanmu shugabannin ɗalibai, in aka sami hannun ɗayanmu a cinikin gado, a fara hukunci da shi.

A rubuce, gadon kwanciya da gadon da ake ci daga magabata kalma ɗaya ce. Ƙarfen da za ku kwanta a kai yau, wasu sun kwanta a kansa sun fita sun zama likitoci da malamai da alƙalai, wani yaro kuma da ke aji shida na sakandare a yanzu yana jiran ku tashi ya hau. Ku riƙe shi da sunanku, ku zauna da wanda aka haɗa ku lafiya, ku miƙa shi ba tare da kun karya ba. Allah Ya ba da sa'ar karatu, Ya mayar da kowa gida da abin da ya zo nema, amin.