Sunan Bature a hannun ƴan Japan: kunne suke bi, ba harafi ba

Jama'a, ku duba wannan. Mutane uku ne: mawaƙin Amurka Michael Jackson, ɗan tseren motar Jamus Michael Schumacher, da ɗan ƙwallon Faransa Michel Platini. Asalin sunansu ɗaya ne, wato Mika'ilu. Amma a jaridun Japan na farko Maikeru ne, na biyu Mihaeru, na uku kuwa Misheru. Wasu na yi wa wannan dariya, su ce an lalata suna. Ni kam ina ganin ƴan Japan sun fi mu gaskiya.

Rubutu iri uku gare su: kanji da suka aro daga Sin, sai hiragana da katakana, kowanne da alamomi 46 na asali. Katakana ita ce ta kalmomin aro da sunayen baƙi. Kowace alama gaɓa ce guda, galibi baƙi da wasali, shi ya sa Smith ke komawa Sumisu. Ba su kuma bambanta l da r, don haka Laura ta zama Roora. Wanda ke cewa burodi da asibiti da lakwal bai da bakin yi musu dariya. Mu ma haka muke cusa wasali don harshe ya samu wurin takawa.

Abin da ya burge ni shi ne ƙa'idar: yadda mai suna ke kiran kansa ake bi. Charles na Ingila Chaaruzu ne, Charles de Gaulle kuwa Sharuru. Da farko kafofin labaran Japan na rubuta Ronald Reagan da Riigan, amma da ya ci zaɓen 1980 suka gyara zuwa Reegan, saboda haka shi yake furta sunansa.

Akwai Turawan da ke raina katakana, su ce tana nuna kai baƙo ne, sai su shiga intanet neman sunansu da kanji, wasu har su zana a fata. Ƙorafin na da kamshin gaskiya, amma maganin ya fi ciwon muni. Kowane kanji na da ma'ana, kuma galibi yana da karatu fiye da ɗaya. Gaɓar ma kaɗai ana iya rubuta ta da alamar gaskiya, ana iya rubuta ta da ta aljani. Wanda bai san hanya ba sai ya ɗora wa kansa abin kunya, ɗan Japan ma ya kasa karantawa. Turawan da suka samu sunan kanji na ƙwarai, sabon suna suka ɗauka: William Adams da ya isa Japan a 1600 ya zama Miura Anjin, marubuci Lafcadio Hearn ya koma Koizumi Yakumo a 1896.

Mu nan Nijar mun san zafin abin. Uba ya raɗa wa ɗansa Usman, takardar haihuwa ta ce Ousmane, takardar lakwal ta ce Ousman, ranar neman fasfo a ce ba mutum ɗaya ba ne. Mai rubutun bai tambayi mai suna ba, ƙa'idar faransanci ya bi yadda ya ga dama.

To, duk wanda aka ba alƙalami ya rubuta sunan wani, a Tokyo ne ko a Maraɗi, ya fara da tambaya ɗaya: malam, ya ake kiranka a gida?