Filin Aikin Hannu: Mu Yi wa Tsuntsaye Kaskon Ruwa da Fasassun Tangaran

Bazara ta kankama. Daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Kano yakan haura digiri 40, kududdufai su ƙafe, kwatoci su bushe tun kafin hantsi. Mu dai muna da randa da tulu da famfo. Tsuntsayen da ke harabar makarantunmu fa, ina suke sha? Wannan tambayar ce ta kawo aikin wannan mako: za mu yi musu kaskon shan ruwa da wanka, mu ƙawata shi da gutsattsarin tangaran da tayil, mu girke shi a lambun makaranta ko a tsakar gida.

Me ya sa tsuntsu ke buƙatarsa?

Tsuntsu ba ya gumi. Idan zafi ya matsa masa, sai ya buɗe baki yana haki, kuma duk numfashin da ya fitar da ɗan ruwan jikinsa yake tafiya. Ga shi jikinsa ya fi namu ɗumi, domin yawancin tsuntsaye zafin jikinsu yana tsakanin digiri 40 da 42. Ƙananan tsuntsaye irin su baiwar Allah da gwara ba su da jikin da zai riƙe ruwa mai yawa, don haka ƙishirwa ba ta daɗewa take galabaitar da su. Masu cin tsaba irin su kurciya da hasbiya kuwa abincinsu busasshe ne, sai sun nemi ruwa kullum.

Wankan ma ba wasa ba ne. Tsuntsu yana jiƙa gashinsa ne don ƙura ta fita, sannan ya hau reshe ya bi gashin ɗaya bayan ɗaya da baki yana gyarawa. Da gyararren gashi yake jin daɗin tashi, da shi kuma yake tsere wa shaho.

Mu ma muna da riba. Da yawa daga cikin tsuntsayen nan da tsutsa da fara suke ciyar da 'ya'yansu, wato dai ƙwarin da ke cinye mana ganyen alayyafo da kuɓewa a lambu.

Sana'ar ta daɗe

Jera ƙananan gutsattsari masu launi a manna su har su ba da zane, shi Turawa ke kira mozayik, Larabawa kuma su ce fusaifisa'u. Fiye da shekara 5,000 da suka wuce, mutanen birnin Uruk da ke kudancin Iraƙi ta yau suna dasa ƙananan turakun yumɓu masu launi a jikin bango, kawunansu su ba da zane. Rumawa sun shahara da shimfiɗa shi a daɓen gidajensu. A birnin Pompeii na Italiya, wanda aman dutse ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, an tono wani daɓe mai hoton yaƙin Iskandar na Masedoniya, an yi shi da 'yan duwatsu fiye da miliyan ɗaya. A nahiyarmu ta Afirka, gidan tarihi na Bardo da ke birnin Tunis cike yake da irin waɗannan ayyuka na zamanin Rumawa. Babban masallacin Umayyawa da ke Dimashƙa, wanda aka gina a zamanin halifa Walid ɗan Abdulmalik aka kammala wajen shekara ta 715, an ƙawata bangonsa da zanen itatuwa da koguna da gidaje na gutsattsarin gilashi.

Wanda ya fi kusa da abin da za mu yi shi ne aikin Antoni Gaudi, wani mai zanen gine-gine a birnin Basalona na ƙasar Sifen. A wurin shaƙatawar da ake kira Park Guell, wanda aka gina tsakanin 1900 da 1914, shi da abokan aikinsa sun lulluɓe wani dogon benci mai lanƙwasa da fasassun tayil da faranti da aka riga aka zubar. Yau daga ƙasashe daban-daban ake zuwa kallonsa. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan harka. Ku ɗaga kai a tsofaffin soraye da zauruka na Kano ko Zariya, za ku iya ganin faranti ko tasa da magina suka dasa a tsakiyar rufi don ado.

Kayan da za mu tanada

Sai mun sami kasko ko ƙaramar kwatarniya ta yumɓu mai faɗi, marar zurfi, wadda ba ta tsage ba. Sai fasassun farantan tangaran da kofuna daga gida, da ragowar tayil. Idan ana gini a unguwarku, ku je ku gaida birkila ko mai sa tayil, ku roƙe shi gutsattsarin da zai zubar, kada ku ɗauka ba da izini ba. Sai siminti kamar kwano ɗaya, da yashi mai laushi da aka tankaɗe, da ɗan farin siminti na cike tsaga. Sai guduma, da tsohon buhu, da soso, da tsohon cokali, da safar hannu ta roba, da tabarau na kare ido. Na ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ma ya isa, in malami ya ba ku aro.

Mu bar kwalba da madubi. Kwalba kaifinta ya yi yawa, madubi kuma wasu tsuntsayen in sun ga kansu a ciki sai su zaci abokin gāba ne, su yi ta sara.

Gutsure nawa muke buƙata? Ga inda darasin lissafi zai yi mana rana. A ce faɗin kaskon santimita 40 ne, rabinsa 20 ke nan. Faɗin fuskar da'ira shi ne 3.14 sau 20 sau 20, wato 1,256. Idan kowane gutsure santimita 2 ne tsawo da faɗi, muka haɗa da ratar da za mu bari a gefensa, zai ci wajen 6. In muka raba 1,256 gida 6 za mu sami kusan 210. Da yake cikin kasko a lotse yake, wasu gutsattsarin kuma ba za su zauna daidai ba, mu tara kamar 300.

Yadda za mu yi

Da farko mu sa tabarau da safar hannu. Mu cusa tangaran ɗin cikin buhu, mu ɗaure bakinsa, sannan mu riƙa bugawa da guduma a hankali. Buhun shi ke hana ɓarɓashi fantsama cikin ido. Mu zazzage a kan tsohon tire, mu ware kowane launi daban, mu goga gefen duk wani mai kaifi a jikin dutse ko bulo har ya dushe. Ƙafar tsuntsu siririya ce, ɗan kaifi kaɗan ya isa ya yanke ta. A share wurin tas bayan an gama, saboda ƙannenmu masu yawo ba takalmi.

Na biyu, mu zana abin da muke so a cikin kaskon da alli ko gawayi. Ba sai mun nemi zane daga nesa ba: ga dagi, ga tauraro, ga zanen da ke jikin hula ko ƙwarya. Wanda bai taɓa yi ba ya fara da zobe cikin zobe, kowane zobe da launinsa. Mu jera gutsattsarin a kan takarda mu ga yadda za su fito kafin mu taɓa siminti. Fari da sauran launuka masu haske su fi yawa, domin baƙi yana jan zafin rana ya ɗumama ruwa.

Na uku, mu jiƙa kaskon a ruwa kamar rabin awa, mu fitar ya tsane, in zanen ya goge mu maimaita shi. Ga dalilin jiƙawar: siminti ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce ke mayar da shi dutse. Busasshen yumɓu kuwa zai zuƙe ruwan kafin simintin ya gama aikinsa, bayan 'yan kwanaki gutsattsarin su fara ɓamɓarewa.

Na huɗu, mu kwaɓa awo ɗaya na siminti da awo biyu na yashi, da ruwa kaɗan kaɗan har ya yi kauri kamar kwaɓin ƙosai. Wanda ya sami gam ɗin manna tayil na buhu, shi ma ya yi. Kada mu cire safar hannu, domin ɗanyen siminti yana cin fata. Mu shafa a wuri kamar tafin hannu, mu danna gutsattsarin, mu bar rata kamar kaurin tsinken ashana biyu a tsakaninsu. Daga tsakiya ake farawa a yi waje. Nan da can mu riƙa kifa wasu, bayansu mai kaushi ya kalli sama, saboda fuskar tangaran santsi gare ta, tsuntsu kuma ba ya shiga inda ƙafarsa ke zamewa. Bakin kaskon ma mu bar shi da yumɓunsa, nan ne masaukinsu.

Na biyar, mu rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa har kwana ɗaya. Washegari mu dama farin siminti ya fi na farko ruwa kaɗan, mu cusa shi cikin duk wata rata da yatsa. Bayan kamar minti 20, mu goge fuskar da jiƙaƙƙen soso, zanen zai fito.

Na shida shi ne mai wuya, wato haƙuri. Kwana 7 za mu yi muna yayyafa masa ruwa safe da yamma, yana rufe a inuwa. Bayan haka mu cika shi da ruwa mu zubar kullum har wasu kwanaki uku ko huɗu, domin sabon siminti yana sakin wani sinadari mai kama da ruwan toka, wanda bai kamata tsuntsu ya sha ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Inda za mu girke shi

Mu kifa tsohuwar tukunya ko mu jera bulo biyu ko uku, mu ɗora kaskon ya zauna daram. A nemi inuwa, amma ba daidai ƙarƙashin reshen da tsuntsaye ke kwana ba, don kada kashinsu ya riƙa faɗawa ciki. A bar kamar taku uku ko huɗu tsakaninsa da duhuwar shuke-shuke: kusa yadda tsuntsu zai ruga ya ɓuya in shaho ya kawo sura, nesa yadda mage ba za ta laɓe ta yi tsalle ɗaya ta cafke ba.

Zurfin ruwan kada ya wuce santimita 5 a tsakiya, gefe kuma kamar santimita 2. Buta biyu ta isa. Mu sa dutse ɗaya ko biyu da kansu ya fito sama, ƙananan tsuntsaye su sami wurin tsayawa, zuma ma in ta zo sha ta sami abin kamawa.

Sharuɗɗa uku

Ruwan da ya kwanta gidan sauro ne. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai cizo bai fi kamar mako ɗaya zuwa kwana 10 ba. Idan muna zubar da ruwan kullum da safe, muna goge cikin kaskon da soso mu zuba sabo, sauro ba zai sami damar girma ba. Tsohon ruwan a ba shuka. Ranar da aka ba da hutu, in babu mai kula da shi, a zubar a kife kaskon. Bai kamata mu shayar da kurciya mu jawo wa 'yan aji zazzaɓin cizon sauro ba.

Sharaɗi na biyu, a nisanta shi da akurkin kaji, kuma kada kaji su sha a ciki. Murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Nijeriya a jihar Kaduna a 2006, ta kuma sha dawowa tun daga lokacin, kuma ruwan sha na cikin hanyoyin da take bi. In kun ga mataccen tsuntsu ko maras lafiya kusa da kaskon, kada ku taɓa shi. Ku gaya wa malamin noma, a kife kaskon na ɗan lokaci. A wanke hannu da sabulu duk lokacin da aka gama aiki da shi.

Na uku da ku muke, ma'abota danƙo. Tsuntsun da ya sauka shan ruwa ya sunkuyar da kai, ya amince da wurin. Wanda ya laɓe ya harbe shi a nan ba gwanintar harbi ya nuna ba, amana ya ci. Kuma tsuntsaye ba sa mantuwa da inda aka tsorata su; in an yi ta harbinsu za su ƙaurace, aikin mako biyu ya tashi a banza. Kowane aji ya yi dokarsa tun kafin a zuba ruwan farko.

Kada ku damu in kwana biyu ko uku suka wuce ba wanda ya sauka, sai sun gama nazarin wurin daga nesa. Idan sun fara zuwa, ku ware littafi ɗaya ku riƙa rubuta rana da lokaci da irin tsuntsun da yawansu. Ku kuma lura da wannan: yawancin tsuntsaye sukan ɗebi ruwa da baki su ɗaga kai sama ya gangara, amma akwai dangi guda da ke tsoma baki su zuƙa ba tare da ɗaga kai ba, kuma kullum kuna ganinsu. Su wane ne? Ku aiko mana da amsarku tare da hoton kaskonku da sunan makarantarku, za mu buga waɗanda suka fi kyau. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.