Idan Shugaba Ya Ba Ka Mugun Maki a Wurin Aiki, Me Doka Ta Ce?

Ƙarshen shekara lokaci ne da kamfanoni, ƙungiyoyin agaji, makarantu da asibitocin kuɗi suke auna aikin ma'aikatansu. Ana cika takarda, a ba kowa maki, a sa hannu. Da yawa suna ɗaukar takardar nan kamar ba komai ba ce. Alhali kuwa da ita ake duba wanda za a ƙara wa albashi, wanda za a sabunta wa kwantiragi, da wanda za a sallama. Kuma mun san albashin mutum guda a Maradi ko Yamai, shi ne buhun hatsin gida a ƙauye, shi ne kuɗin maganin tsoho.

Duk wanda ya tuna jarrabawar da aka yi wa malaman kwantiragi a watan Yulin 2017, ya san yadda awon aiki ke iya raba mutum da abincinsa. Sandikokin malamai sun yi ta jayayya da ita, amma dubbai sun rasa aikinsu. Wancan na gwamnati ne. Yau muna magana ne a kan ma'aikacin kamfani ko ƙungiya da yake ganin an zalunce shi.

Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumban 2012, ba ta hana mai gida auna aikin ma'aikacinsa ba. Amma ta ce ba a korar mutum sai da hujja ta gaskiya. In ana zarginsa da rashin iya aiki ko rashin ɗa'a, dole a ba shi damar kare kansa kafin a yanke hukunci. Haka ma yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Nijar ta amince da ita a 1985, ta tanada. Yarjejeniyar ta ƙara da cewa kai ƙarar mai gida a kan take doka ba hujjar kora ba ce.

To ina matsalar take? Mugun maki shi kaɗai ba kora ba ne, amma sau da yawa shi ne tubalin farko. Bana a rubuta maka "ba ya ƙoƙari", ka yi shiru. Baɗi a sake rubutawa. Ran da za a sallame ka, sai a zaro takardu biyu masu ɗauke da sa hannunka, a ce ai da kanka ka yarda. Shirun da ka yi don kunya ko don gudun fitina, shi za a mayar shaida a kanka.

Saboda haka, kar ka yage takarda, kar ka yi zagi, don fushi na iya zama laifi na dabam. Nemi a bar ka ka karanta a natse. In ba ka jin Faransanci sosai, a samo wanda ka amince da shi ya fassara maka. In za ka sa hannu, rubuta kusa da shi cewa ka gani amma ba ka yarda da abin da ke ciki ba, ka sa kwanan wata, ka karɓi kofi ko ka ɗauke ta hoto.

Daga nan sai ka mayar da amsa a rubuce, ba da baki ba. Kar ka tsaya a kan "shugaba ba ya so na". Kawo abin da za a iya dubawa: aikin da kwantiraginka ya ɗora maka, wanda ka kammala da ranarsa, kayan aikin da ka nema ba a ba ka ba, har saƙonnin WhatsApp da aka yaba maka. In ka kai amsar ofis, a buga maka hatimi a kan kofinka.

Ba kai kaɗai za ka yi wannan tafiya ba. Ma'aikatar da ke da ma'aikata sama da 10 ya kamata ta kasance da zaɓaɓɓun wakilan ma'aikata, kuma aikinsu ne su kai kukanka gaban shugabanni. Akwai sandikoki ƙarƙashin manyan ƙungiyoyi irin su USTN, CDTN da CNT. In abin ya kai ga hukunci ko kora, sufeton aiki na jiharku zai kira ku sulhu. In sulhu ya gagara, sai kotun ma'aikata. Ma'aikatan gwamnati kuwa dokarsu dabam ce, su fara da rubuta wa na sama da wanda ya ba su makin.

A yi adalci kuma: ba kowane maki maras daɗi ne zalunci ba. In gaskiya aka faɗa maka, karɓi gyara. Amma in an nuna maka bambanci don ke mace ce, ko don ƙabila, addini ko shiga sandika, doka ta haramta wannan.

Ƴan uwa da ke ƙetare, in ɗanku ko ƙanenku ya bugo waya yana kuka da shugabansa, kar ku tsaya ga "yi haƙuri" kawai. Ku tambaye shi: ka mayar da amsa a rubuce? Ka ajiye kofi?